Labarin Nesa: Tseren mutumin ƙarfe, wa ke biyan lokacinshi?

 Wannan wata filin Labarin Nesa ya ƙetare teku har tsibiran Hawayi na ƙasar Amurka, inda anka ƙago wani wasan tsere mai wuyar gaske. Wanda ya ji labarinshi karon farko shikan ce tatsuniya ce. To ba tatsuniya ba ce, ana yin shi kowace shekara a ƙasashe da dama. Abin da ya fi ban mamaki ma, yawancin masu shiga ba ƴan wasan da ke cin abinci da shi ba ne. Ma'aikata ne kamar kowa: malaman makaranta, likitoci, sojoji, direbobi, ƴan kasuwa, maza da mata, masu aure da yara. Ba a biyansu ko tamma, su ke biya. Saboda haka tambayar wannan wata ita ce: ina ma'aikaci mai iyali ke samo lokacin shirya ma irin wannan tsere? In kuwa ya samo, daga hannun wa ya amshe shi?

Yadda wasan shike

Sunanshi tiriyatalon, ma'ana tsere ukku a haɗe. Mutum ɗaya ne zai faɗa ruwa shi yi iyo, shi fito shi hau keke, shi sauka shi kama gudu da ƙafa, duka cikin yini guda. Agogo ba shi tsayawa. Ko lokacin da mutum ya ɓata wajen sake riga da takalmi ana lissafa mashi.

Akwai gajere, akwai dogo. Gajeren da ake yi a wasannin Olimpik tun shekara ta 2000 shi ne iyo kilomita 1 da rabi, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Gwanaye na gama shi cikin wajen awa 2 ko ƙasa da haka. Dogon kuwa, wanda ake ce ma Ironman, wato mutumin ƙarfe, ga shi: iyo kilomita 3 da mita 800, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. Wanda ya iya tarawa shi tara, zai samu wajen kilomita 226. Kusan nisan Maradi zuwa Damagaram ke nan, ba mota, ba doki, ba raƙumi. Bisa al'adar wasan, awa 17 ake ba mutum. In an tashi ƙarfe 7 na safe, ƙarfe 12 na dare an rufe hanya. Wanda ya iso bayan haka, ko da minti ɗaya ne, ba a rubuta sunanshi cikin waɗanda sunka gama.

Gardama ce ta haife shi

Akwai wani hafsan sojan ruwa na Amurka, Jon Kolins, da matarshi Judi. A 1974 su da yaransu sun shiga wani ƙaramin tsere ukku da anka yi a garin San Diyego na jihar Kaliforniya. Bayan aiki ya mai da su Hawayi, wata rana a 1977, wurin bikin raba lambobin wani tseren gudu, sai gardama ta kaure: tsakanin masu iyo da masu gudu da masu keke, wa ya fi juriya? Kolins da matarshi sunka kawo shawara a haɗa manyan tsere ukku da anka saba yi daban daban a tsibirin Owahu, a mai da su ɗaya, wanda ya riga kowa isowa a kira shi mutumin ƙarfe.

Ran 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 sunka tsaya bakin teku a Honolulu, 12 sunka gama. Wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haler, ɗan shekara 27, ya yi awa 11 da minti 46. Aikinshi a lokacin tuƙin taksi ne. Kolins da kanshi ya shiga, ya yi wajen awa 17.

A lura da wani abu guda. A wannan tsere na farko, kowane ɗan tsere da mutanenshi ya zo, suna bin shi cikin mota da ruwa da abinci. Wanda ya zo na biyu, Jon Dunbar, shi ke gaba har cikin gudun ƙafa. Sai ruwa ya ƙare ma masu bin shi, sunka miƙa mashi giya. Ya sha, kai ya juya, ya dinga tangaɗi, Haler ya wuce shi. Fiye da rabin awa ya raba su a ƙarshe. Ke nan tun ranar farko an ga ƙarfin ɗan tsere bai wuce shirin mutanen da ke bayanshi ba.

Daga baya dokar ta juye. Masu shirya wasan ke aje ruwa da abinci kan hanya. In ɗan tsere ya amshi ko moɗa ɗaya daga hannun matarshi ko ƙanenshi, alƙalai na iya fidda shi. Mai kallo sai shi ɗauka mutumin shi kaɗai ya yi aikinshi. Amma taimakon iyali bai gushe ba, wuri kawai ya sake. Da, kan hanya ake ganin shi yini ɗaya. Yanzu cikin gida shike wata 6, inda mai ɗaukar hoto ba shi zuwa.

Ga lissafi

Ba wanda ke tashi daga barci shi yi kilomita 226. Tsarin da masu horaswa ke ba ma'aikata shikan ɗauki wata 6 zuwa 7. Ana farawa da awa 6 ko 8 a mako, a yi ta ƙarawa har a kai 12, 15, wasu har 20 in tsere ya matso. Gwanayen da ba su da wani aiki sai shi, su kan yi awa 25 zuwa 30 ko fiye. Cikin mako akwai iyo sau 2 ko 3, keke sau 3, gudu sau 3. Mafi nauyi su ne dogon keke na awa 5 ko 6, da dogon gudu na awa 2 da rabi ko 3. Waɗannan biyu ba su shiga ranar aiki, sai Asabar da Lahadi.

To, kowa shi ɗauko allo da alli. Mako ɗaya kwana 7 ne, kowane awa 24, ya zama awa 168. A ɗauki misalin ma'aikacin biro. Barci awa 8 kowane dare, 56 ke nan, saura 112. Aiki awa 40, saura 72. Zuwa aiki da komowa, a ce awa 5, saura 67. Cin abinci da wanka da sauran lalurar jiki, awa 2 a yini, 14 ke nan, saura 53. Wannan 53 ita ce rabon gida: cefane, girki, wanki, kai yara makaranta, duba karatunsu, ibada, gaida mara lafiya, hira da iyali.

Yanzu a shigo da tsere. An rubuta awa 15 a takarda, amma takarda ba ta lissafa zuwa wurin iyo da komowa ba, da sake tufa, da wanke keke da gyaranshi. A ƙara awa 5, ya zama 20. A fidda 20 cikin 53, saura 33. Ba ta kai awa 5 a yini ba.

Wani zai ce ai awa 33 ba kaɗan ba ce. Gaskiya ne, in da duk awa ɗaya suke. Amma ba ɗaya suke ba. Tsere shikan kwashe masu kyau: sassafe lokacin da ake shirya yara, da safiyar Asabar da Lahadi da iyali ke jira tun Litinin. Abin da shike bar ma gida ƙaiƙayi ne bayan an sheƙe tsaba. Mutumin da ya yi awa 6 bisa keke, in ya komo, ba shi iya ɗaukar yaro, ba shi jin maganar da ake yi mashi, sai gyangyaɗi. A kan allo shina gida, a wurin matarshi ba shi nan.

Ba a sayen awa a kasuwa, ba a shuka ta a gona. Duk awar da ta shiga tsere, daga ɗayan rumbu ukku anka ɗebo ta: rumbun barci, rumbun aiki, ko rumbun gida.

Rumbun barci

Nan ake fara ɗiba, don shi ne ba shi da mai gadi. Ƙarfe 4 da rabi ko 5 na asuba agogo ya buga, mutum ya zame bai tada kowa ba, kafin yara su farka ya yi awa 1 da rabi ya komo. Dabara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya: shi kwanta da wuri. Likitoci sun ce baligi na bukatar barcin awa 7 ko fiye, mai wahalar da jiki kuwa ya fi kowa bukata. Dalili shi ne ba lokacin gudu jiki ke ƙara ƙarfi ba. Gudu gajiyar da tsoka shike yi, shi bar mata ƙananan raunuka. Lokacin hutu da barci ne jiki ke gyara su, shi ƙara ginawa. Wanda ya rage barci don shi ƙara gudu, kamar mai cinye irin shuka ne don shi ji ƙarfin noma.

Alamomin an wuce gona da iri sanannu ne. Zuciya na bugawa da sauri ko mutum na kwance. Mura ba ta rabuwa da shi. Ga gajiya, ga barci ya ƙi zuwa. Gwiwa ko agara na ciwo ba ta warkewa. Sai saurin fushi, wanda mai shi ba shi gani, mutanen gida da abokan aiki ke fara ɗanɗanawa.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A 2017 wasu likitocin Amurka sun buga binciken da sunka yi kan tsere ukku, gajere da dogo, a ƙasarsu daga 1985 zuwa 2016. Sun ƙirga mutum 135 da sunka mutu ko zuciyarsu ta tsaya wurin wasan. Mutum 90 daga ciki a ruwa abin ya same su. Yawancinsu maza ne, shekarunsu a tsakaice wajen 47, kuma da dama cikin waɗanda anka binciki gawarsu an tarar suna da ciwon zuciya ɓoyayye. In an dubi miliyoyin da sunka shiga wasan cikin waɗannan shekaru, adadin kaɗan ne. Amma a dubi shekarun mutanen. Ɗan shekara 47 shi ne mai yara a makaranta, mai tsofaffi a wuyanshi. Irin wannan, kafin shi nufi shagon keke, gidan likita ya kamata shi fara zuwa a auna zuciyarshi.

Rumbun aiki

Shi wannan shina da mai gadi, wato shugaban aiki. Ana iya satar awar cin abincin rana a yi gudu, ana iya gyangyaɗi wurin taro sau ɗaya ko biyu, amma albashi ke sayen keken, kowa ya san haka. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Mata biyu ƴan Ingila sun nuna inda iyakar abin take.

Ta farko Kirisi Welinton, ma'aikaciyar gwamnati a ma'aikatar da ke kula da muhalli da abinci da karkara. A 2006 ta yi mako 10 tana haɗa cikakken aiki da motsa jiki na wajen awa 20 a mako, ta je Lozan ta ƙasar Suwis, ta ci gasar duniya ta gajeren tsere a rukunin waɗanda ba sana'arsu ba ce. Mako 10 fa, ba shekara 10 ba. Da ta so ta wuce nan, sai ta aje aikin a farkon 2007. A watan Oktoba na wannan shekara ta ci babbar gasar Hawayi, wadda tun 1981 anka mai da ita garin Kona. Ta sake ci a 2008, 2009 da 2011. Dogon tsere 13 ta shiga, ba macen da ta taɓa riga ta isowa. A ƙarshen 2012 ta ce ya isa, ta bari. Sai bayan nan ta yi aure ta haihu. Ita ba haɗawa ta yi ba, jerawa ta yi: aiki, sannan tsere, sannan gida.

Ta biyu Lusi Gosej, likitar ciwon sankara a garin Notingam. Ita ma ta ɗauki hutun shekara 2 da wani abu daga gidan likita don tsere kaɗai, har ta zo cikin mata 10 na farko a Kona a 2015 da 2016. A ƙarshen 2016 ta koma ga marasa lafiyarta, amma ba cikakken mako ba: wasu kwanaki aiki, wasu motsa jiki. Da wannan tsari ta ci Ironman na garin Bolton a Ingila da na ƙasar Wels a 2017. Ke nan haɗawa na yiwuwa, amma sai da ta rage ma aikin kwanaki. Wanda ya rage kwanakin aiki kuwa ya san abin da zai gani a ƙarshen wata.

Shi kanshi wanda ya ƙago wasan aiki ya fi ƙarfinshi. Bayan tsere na biyu, na 1979, rundunar sojan ruwa ta yi ma Kolins canjin wurin aiki. Soja ba shi cewa a'a. Ya tattara takardun wasan ya miƙa ma wasu masu gidan motsa jiki a Honolulu, mata da miji, ya kama hanya. Matar, Baleri Silk, ita ta riƙa wasan har ya zama abin da duniya ta sani.

Rumbun gida

Wannan shi ne anka fi ɗiba, don mai gadinshi kunya gare shi, ba shi saurin magana. Turawa har suna sunka laƙa ma matar ɗan tsere, wai bazawarar mutumin ƙarfe, wato mace mai miji da rai amma tana zama kamar wadda ba ta da shi. Da raha ake faɗi, amma raha ce mai ƙashi. Ita ke tashi da yara ran Asabar, ita ke kai su inda za su, ita ke tarbar baƙi tana ba da hanzari, ita ke fama da tulin riguna masu zufa. Ranar tsere kuma ita ke tsayuwa cikin rana awa 12 ko 14 da yara a hannu, don su ga wucewarshi ta ƴan daƙiƙoƙi. In mace ce ke tseren, miji ke wannan matsayi.

Ga kuɗi. Kuɗin shiga kaɗai a wurare da yawa ya wuce dalar Amurka 700, wato wajen jika 400 na sefa. Ba a zo ga keke ba, wanda wani kuɗinshi ya kai na mota. Ga rigar iyo, ga takalman da ke cinyewa bayan ƴan watanni, ga kuɗin jirgi da masauki, ga ci, don mai wannan aiki ba shi ƙoshi da rabon mutum ɗaya. Duka daga tukunya guda da kuɗin makarantar yara. Hutun shekara ma, maimakon a je ganin dangi, sai a nufi garin da ake tsere.

Na mata masu goyo ya fi wuya. A watan Oktoba 2022 wata Ba'amurkiya, Celsi Sodaro, ta ci gasar Kona cikin awa 8 da minti 33, ɗiyarta na da wata 18 da haihuwa. Duniya ta yi ta tafi. Ita kuwa ba ta ɓoye ba cewa da taimakon mijinta da iyalinta abin ya yiwu, daga baya kuma ta fito fili ta faɗi irin damuwar zuciya da ta sha fama da ita. Abin lura, in mace ta yi irin wannan, tambayar farko da ake mata ita ce wa ya riƙe mata yarinya. Dubban maza masu jarirai sun gama tseren nan, ba a cika yi masu wannan tambaya ba, alhali su ma wani ne ya riƙe.

Akwai wanda ya bi wata hanya, ya ɗauki gida ya shiga da shi cikin tseren. Dik Hoyt, hafsa a rundunar tsaron sama ta jihar Masacusets, an haifa mashi ɗa a 1962, Rik, da lalurar ƙwaƙwalwa da ta hana shi tafiya da magana. A 1977 yaron, ta na'urar da shike rubutu da ita, ya roƙi uban su shiga wani gudun kilomita 8 na taimakon wani ɗan wasa da haɗari ya shanye ma jiki. Uban ya tura shi cikin keken guragu har ƙarshe. Bayan sun komo gida yaron ya rubuta mashi cewa in suna gudu ba shi jin shi naƙasasshe ne. Daga nan uban bai tsaya ba. Bai iya iyo ba, ya koya. A 1989 sun gama tseren Kona: a ruwa uban na jan ɗan cikin ƙaramin kwalekwale da igiya, a keke ɗan na zamne gaba, a gudu shina tura shi. Dik ya rasu a 2021, Rik a 2023.

Labari ne mai sa hawaye, kuma ya cancanta. Sai dai ba su biyu kaɗai ke gidan ba. Akwai wasu ƴaƴa maza biyu, akwai kuma uwar da ta yi shekaru tana fafutuka har anka amshi Rik a makarantar gwamnati. Ita ba a cika nuna ta a talabijin ba. Aurenta da Dik ya mutu a 1994. Abin da ke tsakanin miji da mata su kaɗai ke sanin shi, amma mai ba da labarin uba da ɗa bai kamata shi mance da ita ba.

Wani abin takaici, dokar Ironman ta hana iyali shiga layin ƙarshe tare da ɗan tsere. Da can akan ga uba ya sungumi ɗanshi sun ƙetare tare. Saboda cunkoso da haɗari anka hana, wanda ya yi a soke sakamakonshi. Dokar na da hujja. Amma hoton da za a rataya a bango mutum ɗaya ke cikinshi, lambar ma wuya ɗaya ake sa ma.

Waɗanda sunka daɗe ana yi da su

Dabarun tsofaffin hannu ba su da yawa, riƙe su ne wuya. Ta gaba ita ce shawara kafin biyan kuɗi, ba bayan an biya ba. Wanda ya zuba jika 400 sannan ya zo shina neman izini, ba izini shike nema ba, sanarwa shike yi. A zamna da kalanda a nuna makonnin da za su yi nauyi. Ranakun biki da suna da jarrabawar yara a zagaye su, horo shi kauce masu. Abokin zama shi ma a yanka mashi nashi lokaci, awa da awa in da hali: wanda ya ɓace ran Asabar shi riƙe gida ran Lahadi.

Hanyar aiki kuma a mai da ta filin horo, zuwa bisa keke, komowa da gudu. Awa 5 ɗin nan ta cikin lissafi ta yi aiki biyu ke nan. Akwai wani ƙarfe da ake ɗora keke a kai a tuƙa cikin ɗaki ba a gusa ba. Ba daɗi, amma mai shi na jin kukan yaro. In yaro ya kwana da zazzaɓi, a bar gudun gobe. Fashin yini ɗaya cikin wata 6 ba shi rage komi, ɗokin ramawa ne ke kawo rauni.

Mafi wuya duka shi ne rage buri. Mutane da yawa sun gama tseren lafiya lau da horon wajen awa 10 ko 12 a mako, sun iso cikin awa 14 ko 15. Mai son shi rage awa 1 ko 2 cikin wannan, ko shi samu gurbin zuwa gasar duniya, shi ne ke bukatar 18 ko 20, ƙarin nan kuwa daga rumbun gida za a ɗebo shi. Ga mai ƙananan yara akwai rabin tsere, kilomita 113. Akwai kuma hutun gona: shekara ɗaya tsere, shekara ɗaya ko biyu a bar jiki da iyali su farfaɗo. Matsalar ita ce wasan na da shiga rai. Da yawa kan yi alkawarin sau ɗaya ne tak, amma tun ciwon ƙafa bai warke ba sun biya kuɗin baɗi.

Wani kuwa jira ya yi. Hiromu Inada, mutumin Japan, an haife shi a 1932, ya yi aikinshi a gidan rediyo da talabijin na ƙasarsu. Shina ɗan shekara 60 ya aje aiki, ya zamna jinyar matarshi da ba ta da lafiya. Don kada zaman gida shi kashe mashi jiki, ya fara zuwa iyo kusa da gida. Sai da ya kai wajen shekara 70 ya shiga tsere ukku na farko, gajere. Bayan rasuwar matar ne ya fuskanci dogon. A 2015 a Kona ya faɗi kusa da layin ƙarshe, ya tashi, ya iso bayan an rufe da ƴan daƙiƙoƙi, ba a rubuta sunanshi ba. Ya komo a 2016 ya gama. A watan Oktoba 2018, shina da shekara 85, ya sake gamawa cikin awa 16 da minti 53, dare ya raba, jama'a na tsaye suna jiranshi.

Sai wata mai kamawa, in Allah ya yarda.